Baba ya zuba yashi a abin gashin da na saya masa

Assalamu alaikum Admin da duk 'yan'uwa na wannan zaure. Admin don Allah ki ɓoye sunana, a garin nan Hausawa kowa ya san kowa. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan ban taɓa tofa komai ba, yau ga shi ta zo kaina. Don girman Allah ku ba ni shawara, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe, don na san idan na ce damuwata a kan abin gasa nama ce wasu za su ce ƙoshi ne ya yi mini yawa. Wallahi ba ƙoshi ba ne, rabona da barci mai daɗi har na manta.

A Makka aka haife ni, a nan na girma. Mahaifina ya zo ƙasar nan yana yaro tare da iyayensa, ta Chadi suka biyo, suka ɗan zauna a Sudan kafin su ƙetaro. Tun tasowarsa sana'arsa ɗaya ce, tsire, wanda mutanen nan suke ce wa siriyya. Da ita ya yi aure, da ita ya raine mu a unguwar Nakkasa. Mahaifiyarmu ta rasu, mu biyu ta bari, ni da yayana namiji wanda yake aikin tuƙi a Jidda, can yake zaune da iyalinsa. Ni kuma aurena ya mutu na dawo gida, don haka ni ce nake tare da Baba, ni ce abincinsa, ni ce maganinsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini.

Sai na ɗan yi muku bayanin yadda yake gashi, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya faru ba. Baba ba ya ɗora nama a kan raga. Tukuba yake yi, wato ya tara toka ya yayyafa mata ruwa, ya kewaye wuta da ita, sannan ya kakkafa tsinkayen naman a jikin tokar suna fuskantar wutar, shi kuma yana zaune yana jujjuya su ɗaya bayan ɗaya. Naman ba ya taɓa wuta, hucinta ne yake gasa shi a hankali har ƙuli-ƙulin ya kama. Ya kan ce mai ɗora nama a kan wuta sauri yake yi, shi kuwa ba inda za shi. To kowace shekara idan Sha'aban ya zo ƙarshe, lokacin da mutanen Makka suke sha'abana, wato a taru a ci a sha kafin azumi ya kama, ranar Baba ba ya sayarwa. Tukuba yake kafawa a ƙofar gida, duk wanda ya zo ya ci kyauta, sadaka ce ga iyayensa da mahaifiyarmu. Hausawa, 'yan Burma, Yamalawa, har waɗanda suke binsa da harara sauran shekara, ranar kowa da tsinkensa a hannu. Tun da na yi wayo ban ga ya fasa ba sai bara.

Da aka rushe ɓangarenmu na Nakkasa, kowa ya kama gabansa. Mu muka samu haya a unguwar Utaibiyya, a ƙasan wani bene, da ɗan fili a baya wanda bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, ruwan na'urorin sanyaya ɗaki na mutanen sama yana ɗiga a ciki. Tun ranar da muka shiga mai gidan ya ce ba a hura gawayi, hayaƙi yana damun masu haya. Ba mu gama jin zafin wannan ba tari ya kama Baba, irin wanda sai ya dafa bango. Da muka je asibiti likita ta ce huhunsa ya gaji, hayaƙin da ya sha a rayuwarsa ne yake tambayarsa yanzu. Ta ja ni gefe ta ce ko turaren wuta kada in ƙara sawa a gidan, ta ce idan ya sake shaƙar hayaƙi mai yawa za a iya kwantar da shi a kan na'urar numfashi, kuma ba ta yi mini alkawarin zai sauka daga kanta ba. Sha'abanar bara haka ta wuce, yana kwance. Ranar juya fuskarsa ya yi bango, abincin da na kai masa haka na ɗauke shi.

Tun daga lokacin na ƙudura a raina bana sai ya yi sadakarsa. Na yi aikin girki a Arfa lokacin aikin Hajji, wanda ya taɓa tsayawa a gaban tukunya a zafin Arfa ya san ba kuɗin banza ba ne. Na cire na haya, na cire na magani, ɗan abin da ya rage na ɓoye ban gaya wa kowa ba. Dabarata ita ce in sayi abin gashi na gas, wanda a nan muke ce wa shawwaya. Na tambayi likita ta ce in dai a fili ne kuma ba a bar kitse yana ƙonewa ba, da sauƙi. Na aika wa mai gidan ya ce gas babu laifi. Sai na ji kamar na warware komai, har ina yaba wa kaina wayo.

Ashe zaɓen ma aiki ne. Ni da ban taɓa sanin shawwaya tana da iri-iri ba, na koma kullum ina kallon bidiyo a waya, ina shiga shaguna ina buɗe murfi ina ƙwanƙwasa ƙarfe kamar wata injiniya. Akwai wata babba mai bakin wuta uku, da murfi da tayoyi da wurin ajiye faranti, na daɗe a tsaye a gabanta, da mai shagon ya faɗi kuɗinta sai na yi kamar ana kirana a waya na fita. Na je haraj, inda ake sayar da kayan da aka yi amfani da su, na samu wata mai girma a farashin da zan iya, amma da na leƙa ƙarƙashinta tsatsa ta cinye gindin, tiyon gas ɗin duk ya tsattsage. Mai ita yana ta rantsuwa sau ɗaya aka kunna ta, na ce masa to wannan sau ɗayan a cikin teku aka yi shi. Akwai kuma wasu ƙanana masu arha sosai, ƙarfensu kamar gwangwanin madara, na san araha ba ta ado, na bar su. A ƙarshe wani dattijo Bayamale mai shago ya ba ni shawara, ya ce in ɗauki ƙarama mai bakin wuta biyu da raga mai kauri, in bar kwaɗayin murfi da tayoyi, in sa sauran kuɗin a tiyo mai kyau da abin daidaita gas da ake ɗaurawa a kan tukunyar gas ɗin, don a nan haɗari yake. Na yi ciniki har sai da ya ce ko ni Bahaushiya ce, na ce ai ka gani. Na biya, na ɗauko ta a tasi ina ta murna.

Da na kawo ta na haɗa a bayan gida, na kamo hannun Baba na fito da shi. Na murɗa na danna, wuta ta kama shuɗiya shar, ba hayaƙi ba ƙara. Ya daɗe yana kallo. Ya miƙa bayan hannunsa ya ji zafin yadda ya saba yi, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin ragar, sannan ya tambaye ni ina za a kafa tsinke. Na ce Baba ai wannan kwantar da su ake yi a kan raga. Ya ce to. Ya sa mini albarka sosai, ya ce Allah ya ba ni masu yi mini, ya koma ɗaki. Na ga jikinsa bai yi wani ɗoki ba, amma na ce sabo ne, zai saba. Har na fara kiran tsofaffin maƙwabtanmu ina gaya musu bana akwai sha'abanar Baba.

Bayan 'yan kwanaki na tafi wani aikin girkin biki da na samu, na bar shi shi kaɗai da rana. Ashe tun da ya ga abin nan yake tunanin yadda zai gyara mini shi. Akwai inda ake gini kusa da mu, mutumin da hawa matakala biyu yake sa shi haki ya ɗauki bokiti ya je ya ɗebo yashi, tun da babu toka. Ya cire ragar ya ajiye gefe, ya jiƙa yashin, ya zuba a cikin shawwayar ya kewaye bututun wutar da shi, ya lallaɓa shi da hannu ya yi tukubarsa tsaf. Ya ɗauko ɗan naman da ke firij ya yanka ya soke ya barbaɗe da ƙuli, ya kakkafa. Niyyarsa in dawo in tarar da tsire. Ya murɗa ya danna, wuta ta ƙi kamawa, don yashin ya toshe ƙananan hujin da take fitowa. Shi kuma a saninsa idan wuta ta ƙi, ƙara mata ake yi, sai ya murɗe duka biyun har ƙarshe ya tsuguna yana fifita da kwali. Hancinsa ya daɗe da daina jin wari sosai. Matar da ke samanmu ce ta ji warin gas ya cika mata kicin, ta yi ihu, mai gadin benen ya zo da gudu ya rufe tukunyar gas ɗin. Allah ne kawai ya tsare, da akwai wanda ya ƙyasta ashana a wurin da yanzu wani labarin ake yi.

Da na dawo na tarar da mutane cirko-cirko a ƙofa. An ce mai gadin ya yi masa faɗa a gaban kowa, da Larabci, irin faɗan da ake yi wa yaro, har da cewa idan ya rikice ne a kai shi inda ake ajiye tsofaffi. Ban ga laifin tsoronsa ba, akwai yara a benen, amma wallahi da ina nan da sai an raba mu. Na shiga na samu Baba a zaune a kan bokitin da ya kifa, hannunsa duk yashi, tsinkayen suna nan a kafe a jere gwanin kyau, naman ɗanye. Bai ɗago ya kalle ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, “Uwata, na ɓata miki kaya.” Na ce babu komai Baba, na shiga banɗaki na kunna famfo don kada ya ji kukana.

Yaya ya zo daga Jidda washegari, mai gidan ne ya kira shi. Ni ya sauke wa kwandon masifa. Ya ce wa ya aike ni, ya ce tsoho mai ciwon huhu ina shi ina wuta, ya ce da kuɗin ya yi mini yawa da na ba shi ya ƙara a na magani. Na ce masa shi da yake zuwa sau ɗaya a wata ya zauna rabin zaman yana danna waya, bai san yadda gidan yake ba idan Baba ya wuni bai ce uffan ba. Muka faɗa wa juna maganganu marasa daɗi, shi da Larabci ni da Hausa, Baba yana ɗaki yana ji. Daga baya Yaya ya je ya ba mai gidan haƙuri, aka tsaya a kan cewa za a iya amfani da gas a bayan gidan, amma da sharaɗin ni kaɗai zan kunna, ni zan tsaya a kai, Baba ko kusa da ita kada ya zo. Yaya ya amsa da yawunmu, ya dawo yana ganin ya yi mana gwaninta.

Shawwayar kuwa na zazzage na wanke na busar, ɓangare ɗaya ya kama da wata jar wuta mai baƙin hayaƙi, ɗayan ko motsi. Mai gyara ya ce jiƙaƙƙen yashi ya shiga har inda ba a iya kaiwa, shi dai ba zai ce in amince da ita ba. Na mayar wa dattijon mai shago, da ya ji yashi aka zuba sai ya fashe da dariya, ya ce garanti bai san wannan ba. Da na yi masa bayanin tukuba da ko wane ne Baba sai ya daina dariya, ashe ya taɓa cin siriyyarsa a Nakkasa. Ya ce ba zai iya karɓar wannan ba, amma zai ba ni irinta a yadda ya saro, kuma zai ajiye mini ita zuwa ƙarshen mako. Abin da ya rage a hannuna zai saye ta da nama daidai gwargwado, daga nan kuma shi ke nan, babu na uku.

Na zo na gaya wa Baba, ina tsammanin zai ji sanyi. Ya tambaye ni ko gaskiya ne an ce kada ya taɓa, na ce eh, amma zai zauna a kujera daga ƙofa yana gaya mini yadda zan yi. Ya yi murmushin da ban so ba. Ya ce kada in sake sayen komai. Ya ce akwai wani tsohon abokinsa da suka yi zaman Nakkasa tare, yana da motar ɗaukar kaya, sun yi magana a waya, ya yarda zai kwashe mu zuwa bayan gari ta hanyar Arfa inda mutane suke fita shan iska. Buhun gawayi ɗaya yake so, da nama, da ƙuli, toka kuma abokin zai samo a wurin masu gidan burodi. A can babu mai gida babu mai gadi, zai kafa tukubarsa sau ɗaya, mutanensa su zo su ci, ya yi wa iyayensa da matarsa addu'a, shi ke nan ba zai sake roƙona ba. Na ce Baba ka manta abin da likita ta ce. Na ce to in sayi ta gas ɗin mu tafi da ita can, ya gasa da hannunsa, ya ce shi bai iya kwantar da nama ba, kuma ba zai fara koyo a gaban mutanen da suka san shi ba. Na ce to ya sa takunkumi ya zauna nesa, ni da abokinsa mu riƙa juyawa, ya ce wanda bai juya tsinke ba ba shi ya yi sadakar ba, ɗan kallo ne. Da na dage ina ta kawo masa maganar numfashinsa, sai ya kama hannuna ya ce, “Uwata, numfashin nan da kuke ta tattala mini, me kuke so in yi da shi?” 

Na kira Yaya na gaya masa, don ba na son in yi abu a ɓoye. Ya ce idan na kuskura na fitar da Baba wurin hayaƙi wani abu ya same shi, ni na kashe shi, kuma har abada babu ni babu shi. Na san tsoro ne yake sa shi faɗin haka, shi ma ubansa ne. Na koma wurin likita, ta ce ita ba za ta ce in kai shi ba, zai iya yi ya dawo lafiya, zai iya kuma kasa kaiwa mota, babu wanda ya sani sai Allah. Na yi istihara, zuciyata ba ta tsaya a wuri ɗaya ba. Idan na kalle shi yana tari har idonsa ya yi ja sai in ce ina, ba zan kai shi ba. Idan kuma na ga yadda ya koma tun ranar yashin nan, ba ya fita masallaci don kunyar mutanen bene, ba ya kunna rediyonsa, sai in ga ai wannan ma wata tafiyar ce a hankali, a gabana, ni kuma ina ba shi magani a kan lokaci.

'Yan'uwa ga inda nake. Sha'aban ya raba, mutanen da na gayyata suna ta kirana suna tambayar wace rana ce kuma a ina, mai shago yana jirana, abokin Baba ma yana jira. In sayi ta gas ɗin, in gasa da hannuna a bayan gida, Baba yana zaune a ƙofa yana kallo mutane suna yi masa sannu? Na san zai zauna, zai ma sa mini albarka, don ba ya son ya ɓata mini. Ko in sayi gawayi in bi shi bayan gari, in tsaya ina kallonsa a cikin hayaƙin da aka ce zai iya ɗauke shi? Malaman da ke cikin zauren nan, idan na kai shi wani abu ya faru, ina da alhaki? Idan kuma na hana shi, Allah ya ɗauke shi kafin wani Sha'aban, da wane ido zan tuna na hana? Masu aikin asibiti, akwai wata dabara da ban sani ba? Waɗanda suka yi jinyar iyaye, ku kuka san irin wannan, ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci.

Ɗazu da na kai masa shayi na tarar ya ciro farar rigarsa ta Juma'a daga ƙasan akwati, ya ce in wanke in goge masa. Na tambaye shi ta zuwa ina ce, ya ce in dai goge ta kawai, duk inda na ga dama na kai shi, a cikinta zai je. Ga ta nan a jiƙe a cikin baho, na kasa ko cuɗa ta. Don Allah ku taimake ni da abin da za ku yi idan mahaifinku ne, kuma ku sa shi a addu'a.